Ɗafa-ƙeyar "-atu" a Sunayen Mata: Asalinta da Tarihinta a Karkarar Arewacin Kano



Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu ƙaramin abu ne. A wani zagaye da na yi na duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta a makarantun firamare na ƙauyukan da ke tsakanin Minjibir da Ɗambatta, na iske wani malami matashi riƙe da jan biro, yana bin rajistar ajinsa yana datse wutsiyar sunayen 'yan mata. Hafsatu ta koma Hafsat, Aminatu ta koma Amina, Rukayyatu kuwa ya tsaya yana shawarar inda zai yanka. Da na tambaye shi dalili sai ya ce gyara yake yi, wai wannan "tu" ɗin ƙauyanci ne, babu shi a Larabci. Ban ga laifinsa sosai ba, domin na sha jin wannan magana daga bakin waɗanda suka fi shi karatu. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna inda wannan ɗafa-ƙeya ta fito, da hanyar da ta biyo har ta zauna a bakin manoman ƙasar Kano, da kuma abin da datse ta yake jawo wa masu sunayen.

Yankin da nake magana a kansa shi ne karkarar da ta kewaye birnin Kano ta arewa, watau ƙasashen Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Makoɗa da Ɗambatta. Masana labarin ƙasa, musamman M. J. Mortimore wanda ya nazarci wurin tun cikin shekarun 1960, sun san shi da cunkoson jama'a: gona na jingine da gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a ciyar da ƙasa da taki kowace shekara. A da jakai kan kai itace birni su komo da mangalar taki. Na kawo wannan ne domin a gane cewa waɗannan ƙauyuka ba su taɓa yankewa daga birni ba. Hanyar da taki da tufafi da goro suka bi, ita malamai da almajirai da littattafai suka bi, kuma ita sunaye suka bi.

Asalin ɗafa-ƙeyar

Duk wanda ya yi karatun allo ya san baƙin nan da ake kira ta kuri, wanda masu nahawu ke ce wa ta'u marbuɗa. Ita ce babbar alamar jinsin mace a Larabci. Tana da hali biyu. In mai karatu ya tsaya a kanta, watau ya yi waƙafi, sai ta ɓace ta zama kamar ha mai sauƙi, a ji Faɗima, A'isha, Halima. In kuwa ya sadar da ita da kalmar da ke gaba, sai ta fito fili a matsayin "t", ta ɗauki wasalin da matsayinta a jimla ya ba ta. Idan sunan shi ne mai aikata aiki, ko shi aka fara jimla da shi, rufu'a yake ɗauka, sai a ji Faɗimatu, A'ishatu, Halimatu. Bugu da ƙari, sunayen mata irin waɗannan suna cikin rukunin da ba ya karɓar tanwini, saboda haka ba a cewa A'ishatun, a kan "u" guda ake tsayawa. To, ke nan "-atu" abu biyu ne aka haɗa: "-at" na jinsin mace, da "-u" na rufu'a. Ashe abin da malamin can yake sokewa da jan biro nahawu ne tsantsa, irin wanda ɗalibi ke koya a Ajurumiya tun kafin ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik.

Wannan "u" ba a sunayen mata kaɗai ya tsaya ba. Shi ne a ƙarshen Muhammadu da Ahmadu da Usmanu da Umaru da Aliyu, shi ne kuma a Zainabu da Maryamu da Asma'u da Hauwa'u da Bilkisu, waɗanda ba su da ta kuri. Harshen Hausa ba ya son kalma ta ƙare da baƙi, saboda haka da ya tarar da wasali a shirye sai ya riƙe shi. Har ila yau akwai sunayen maza masu ta kuri da suka shigo da wannan siga, kamar Ɗalhatu da Ukashatu da Usamatu. An yi Sarkin Zazzau Ɗalhatu a farkon shekarun 1920, kuma ba wanda ya ɗauka sunan mace ne.

Abin lura a nan shi ne, kalmomin yau da kullum da Hausa ta ara masu ta kuri ba su zo da "-atu" ba. Muna cewa salla, zakka, daraja, hikima, ni'ima, al'umma, duk da sigar waƙafi. Amma sai ga rahama a gefe guda da Rahamatu ko Ramatu a ɗaya gefen, ga salama ga Salamatu, ga albarka ga Barakatu. Kalma ɗaya ce ta shigo ta ƙofa biyu. J. H. Greenberg, a nazarinsa na 1947 kan kalmomin aro na Larabci a Hausa, ya rarrabe tsakanin waɗanda suka shigo ta bakin mutane da waɗanda suka shigo ta hanyar littafi, daga baya kuma M. Hiskett ya ƙara faɗaɗa maganar a 1965. A ganina sunayen "-atu" suna cikin mafi bayyanar shaida ta ƙofar littafi. Balarabe mai hira a kasuwa ba ya cewa A'ishatu. Wanda ke cewa haka shi ne malami zaune a zaure, yana jan baƙi da cikakken wasali, ɗalibai na bi.

Akwai wani abu da ke ƙarfafa wannan. A cikin Alƙur'ani mai girma ba a ambaci sunan wata mace ƙarara ba in ban da Maryamu. Saboda haka yaron da ya sauke bai gamu da Hadizatu ko Safiyatu a allonsa ba. Inda ake gamuwa da su shi ne littattafan ilmi: hadisi, da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kamar Ashafa ta Alƙali Iyal, da waƙoƙin yabo da ake rerawa a watan Mauludi. A nan ne kuma ake jin sunayen a sadar da laƙabinsu, Halimatus Sa'adiyya, Faɗimatuz Zahra'u, Rabi'atul Adawiyya, inda ba yadda za a yi "t" ɗin ya ɓuya.

Idan muka leƙa maƙwabta za mu ga kowa da abin da ya riƙe. Mutanen Mali da Gini da Senegal suna da Aminata da Fatumata, Barebari suna da Falmata, Yarabawa sun fi son Aminat da Kudirat, mutanen bakin tekun Afirka ta Gabas kuwa Fatuma da Aisha suke cewa. Ina zaton masu "-ata" sun riƙe ɗaya wasalin ne, domin irin waɗannan sunaye wasali bisa suke ɗauka a matsayi biyu daga cikin uku, kamar yadda ake ji a isnadin hadisi in an ce an karɓo daga A'ishata.

Yadda sunayen suka zauna a ƙasar Kano

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908, yana da wata ɗabi'a mai amfani ga mai wannan bincike: kusan kowane sarki sai ya faɗi sunan mahaifiyarsa. Sunayen farko-farko irin su Kaunasu da Auta da Maganarku da Aunaka ne. Maganarku ita ce mahaifiyar Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma a zamaninsa ne littafin ya ce Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci. A zamanin Yakubu, 1452 zuwa 1463, aka ce Fulani sun zo da littattafan tauhidi da lugga, bayan na fiƙihu da hadisi da aka riga aka sani. Ɗansa Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, wanda Almagili ya sauka a wurinsa, sunan mahaifiyarsa Faɗimatu, matarsa kuwa ita ce Madaki Auwa, watau Hauwa'u. To, a fada dai sunayen sun shiga tun ƙarni na goma sha biyar. Sai dai ba su kori na gargajiya ba, domin bayan Auwa sai ga Lamis, mahaifiyar Kisoke.

Jihadin 1804, wanda ya kai ga faɗuwar sarautar Haɓe a Kano a 1807, shi ya kai hakimai da alƙalai da limamai masu alaƙa da jama'ar Shehu zuwa garuruwan wannan yanki, kamar Dambazawa a Ɗambatta da Yolawa a Dawakin Tofa. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa abin koyi ne a wajen raɗin suna. 'Ya'yansa mata sun haɗa da Hadizatu da Faɗimatu da Hafsatu da Safiyatu da Maryamu da Asma'u. Ita Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tagwai ce, abokin haihuwarta Hasan, amma mahaifinta bai bi al'ada ya sa mata Husaina ba, ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyadi Abubakar. Wajen 1836 zuwa 1837 ta yi waƙa ta tawassuli da mata masu albarka, cikin Fillanci da Hausa da Larabci, inda ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai mata. Irin wannan waƙa ita ce ke kai suna har cikin ɗakin macen da ba ta taɓa zama gaban malami ba. 'Yar'uwarta Maryamu kuwa ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ta zauna a Kano.

Amma ko a gidan Dabo ɗin abin bai tafi gefe guda ba. Sunan mahaifiyarsa Halimatu, amma matar da ta haifa masa sarakuna uku, Usmanu da Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello, Shekara tarihi ya san ta da shi. Wannan zaman tare na suna biyu shi ne ainihin tsarin da ya wanzu a karkara har yau, kuma shi zan koma kansa nan gaba.

Ma'anonin sunayen

Ba zan tsaya in bi su ɗaya bayan ɗaya ba. A'ishatu daga rayuwa take, Halimatu mai haƙuri, Safiyatu zaɓaɓɓiya, Maimunatu mai albarka, Nafisatu mai tsada, Sakinatu natsuwa, Sa'adatu dace da arziki, Rabi'atu ta huɗu. Aminatu suna biyu ne Hausa ta haɗe su: na mahaifiyar Annabi, mai jan wasalin farko, wadda ke nufin mai zaman lafiya, da kuma mai jan wasalin tsakiya, watau amintacciya. Abin da na fi so a lura da shi shi ne, ba ma'anar ƙamus ce ke sa uba ya zaɓi suna ba. Faɗimatu daga yaye take. Ramlatu rairayi ne. Hadizatu, a lugga, jaririyar da aka haifa watanninta ba su cika ba, abin da muke kira bakwaini. Babu manomin da zai yanka rago domin ya kira 'yarsa rairayi. Mai sunan yake dubawa, Nana Hadiza uwar muminai, ko kuwa kakar yarinyar da yake so ya mayar.

Sauye-sauyen sauti ma suna da labari. Baƙin da muke kira ɗa mai hannu ya zama "ɗ" a Faɗimatu, kamar yadda ya zama a ɗalibi da Ɗahiru, amma a wani bakin ya zama "ts", shi ya sa ake jin Fatsima da Fatsuma. A Hadizatu "j" ya koma "z", amma laƙabinta Dije ya adana shi. Hafsatu a bakin tsofaffin ƙauye Hansatu ce.

Daga nan sai mu zo ga waɗanda suka sa rigar aro. Hajara ba ta da ta kuri a Larabci, amma muna da Hajaratu. Kunne ya saba da cewa cikakken sunan mace da "-atu" yake ƙarewa, sai ya cika mata. Wannan shaida ce cewa ɗafa-ƙeyar ta zama ta Hausa, tana aiki da kanta ba tare da neman izinin nahawu ba. Talatu kuwa daban take. Sunan rana ne, 'yar'uwar Ladi da Tine da Larai da Lami da Jummai da Asabe, kuma "t" ɗinta na jikin kalmar Talata ne, ba alamar jinsi ba. Duk wanda ya ce zai gyara Talatu ya mai da ita Tala, ya ga inda ƙa'idar jan biro take kai mutum.

Ba Musulmi kaɗai suka gaji wannan siga ba. Da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa a 1932, sunayen mata sun fito da ita: Saratu, Rifkatu, Hannatu, Lai'atu, Alisabatu. Saboda haka a gidajen Maguzawan ƙasar Kano da suka karɓi Kiristanci za ka iske Rifkatu, maƙwabciyarta Musulma kuma Rahinatu, kunne bai ji bambancin ƙira ba.

Sunan yanka da sunan gida

A rana ta bakwai, da sassafe, maza kan taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a ya raɗa suna, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar, a yanka rago, wanzami ya yi aski. A wannan wuri cikakken suna ake faɗi, Hafsatu ko Rukayyatu, domin bakin malami ne. Da sunan ya shiga cikin gida sai ya gamu da wata doka. Uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, suruka ba ta faɗin sunan uwar mijinta, saboda haka yarinyar da aka mayar wa sunan kakarta sai ta zama Ummi ko Uwani ko Iya. Wasu laƙubban kuma sun manne wa sunayen har sun zama sananne: Indo ga A'ishatu, Binta ga Faɗimatu, Dije ga Hadizatu, Kulu ga Hauwa'u, Abu ga Zainabu. Wasu kuma gutsure ne kawai, irin Rabi da Sa'ade da Salame da Hansai da Zulai. Mafi ban sha'awa a gare ni shi ne Shatu, inda aka cinye kan sunan aka bar wutsiyar, watau dai ɗafa-ƙeyar da ake cewa ƙari ce ita ta rage.

Ga kuma sunayen da yanayin haihuwa ya ba da, Kande wadda ta biyo maza, Azumi, Tasalla, Tanoma, Auta. A nan Hausa tana nuna jinsin mace da nata kayan aiki, "ta" a goshi. Galibin kalmomin jinsin mace a Hausa kuma da "a" suke ƙarewa. Wannan ne ya sa Amina da Hadiza da Halima suka yi wa harshe daɗi a hira, tun kafin wani ya koyar da waƙafi. Sigogin biyu duka tsofaffi ne, kowace da wurinta: doguwar ta ranar suna da ɗaurin aure da gaban alƙali, gajeruwar ta tsakar gida da bakin rijiya.

Abin da boko ya kawo

Muddin da Larabci ake rubutu, babu rigima. Magatakardan alƙali ya rubuta suna da ta kuri, mai karantawa ya furta yadda ya ga dama, duka daidai ne. Rubutun boko ne ya tilasta a zaɓi ɗaya, domin ba shi da baƙi mai hali biyu. Matsalar ba ta yi tsanani ba a lokacin da 'yan mata kaɗan ke zuwa makaranta. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 shi ya kwaso 'yan matan waɗannan ƙauyuka da yawa ya zuba a rajista, kuma kowane malami ya rubuta abin da kunnensa ya ji ko abin da ya ɗauka shi ne wayewa. A wannan zamani ne kuma makarantun Islamiyya suka yawaita, da masu komowa daga karatu a ƙasashen Larabawa, waɗanda suka saba da sigar waƙafi. Ba ni da ja da Aisha ko Hafsa, Larabci ne ingantacce. Wadda ba ta da gindi a wurinmu ita ce siga ta uku, Aishat da Hafsat da Aminat: ba waƙafi ba ce, ba sadarwa ba ce, ba kuma furucin Bahaushe ba ne. Ta dace da bakin Yarabawa, kuma ta hanyar takardun ofis ta shigo mana.

Sakamakon wannan a kan 'yan matan yake sauka. Yarinya guda, liman ya raɗa mata Hafsatu, katin rigakafi ya ce Hansai domin uwarta ce ta kai ta kuma abin da aka ji ana kiranta ke nan, takardar firamare ta ce Hafsat, ta sakandare ta ce Hafsa. A da magatakarda kan duba fuska ya wuce. Yanzu kwamfuta ce ke gwada baƙi da baƙi. Tun daga 2021 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa kafin rajista, saboda haka sunan da ke kan katin dole ya yi daidai da na takardun makaranta. Wanda ya samu saɓani sai rantsuwa a kotu, da kuɗin mota zuwa birni, da jeka-ka-dawo. Ɗan birni mai uba ma'aikaci yakan warware wannan cikin 'yan kwanaki. 'Yar manomin da da ma da kyar aka bar ta ta gama sakandare, wannan ɗan tsaiko kan isa a ce ta haƙura, ga miji ya fito. Na ga irin wannan a cikin waɗanda suka nemi shiga kwalejinmu, kuma asalin abin harafi biyu ne da wani ya soke shekara goma sha biyu da suka wuce yana ganin alheri yake yi.

Shi ya sa nake ganin wannan magana ta shafe mu, mu masu horar da malamai, fiye da yadda ta shafi masu nahawu. Darasin cika rajista yana cikin abin da muke koyarwa, amma ba mu cewa komai game da sunaye. Abin da na fara gaya wa ɗalibaina kafin su fita koyon aiki shi ne, ranar ɗaukar sababbin yara kada su tambayi yarinya sunanta, kada kuma su tambayi uwarta, wadda mai yiwuwa kunya ta hana ta faɗi. Su tambayi uba ko wakilinsa sunan da aka yanka rago da shi, su rubuta shi yadda ya faɗa, su karanta masa ya tabbatar, sa'an nan su duba ko ya dace da takardar haihuwa in akwai ta. Malamin da na fara ba da labarinsa ya yarda ya mayar da sunayen ajinsa yadda suke, sai dai yaran aji shida an riga an aika da nasu sunayen zuwa ofishin ilmi na ƙaramar hukuma.